Ƙaramin Lagireto da Wankan Baba

Tambuwal, shida saura minti ashirin

Dawowata ke nan daga masallaci, ina cire takalmi a bakin ɗaki, wayata ta yi ƙara. Da na ga sunan Baffa Hassan, ƙanin mahaifina, sai na zauna a kan dakali kafin in ɗauka. A tungarmu da ke bayan Fakku ba a samun sabis sai mutum ya hau tudun bayan gari, kuma na san Baffa ba zai hau tudun nan da asuba don gaisuwa ba.

"Abdu, sai haƙuri," in ji shi. "Yaya ya cika, bayan kiran salla na farko."

Na yi istirja'i. Ya jira na gama, sannan ya ce ƙarfe goma za a yi wanka, sha ɗaya a kai shi. Bazara ce, zafi ba zai bari a wuce haka ba, kuma mutanen ƙauyukan kusa suna so su koma gida da sauran rana, saboda yadda hanya ta zama. Ya ce in taho da likkafani da turare. Na ce ya roƙar mini Liman kada kowa ya taɓa shi sai na zo. Ya ce zai faɗa, amma in yi sauri. Wayar ta yanke.

Dole in bayyana abin da ya sa na roƙi haka. Baba shi ne mai wankan gawa a tungarmu tun kafin a haife ni. Ya wanke mazan garin da yawa, kuma ba a taɓa jin ya faɗi abin da ya gani a jikin kowa ba. A shekarunsa na ƙarshe wata lalura ta same shi a jiki, wadda ba zan faɗi sunanta a nan ba. Ya ɓoye ta da manyan riguna. Daga Inna sai ni muka sani, ni ma don ina aikin ajiye katin marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti ne, ya sa nake kai masa magani. Wata rana ya kira ni ɗakinsa, ya koya mini wanka tun daga niyya har ɗaurin ƙarshe, ya sa na maimaita sau uku. Ya ce, "Kai za ka yi min. Ban so idon kowa." Na ce masa to.

Shagon Manu, shida da minti goma

Mashin ɗina ba ya gida ranar. Tsohon mashin ne, na hannu na saye shi, kuma da bazara in ya shiga rairayin bayan Kebbe sai injin ya ɗauki zafi, ƙarfinsa ya mutu, dole in tsaya a inuwa kamar minti ashirin ya huce. A kowace tafiya sau biyu ko uku nake tsayawa. Manu bakanike, wanda ya daɗe yana yi mini gyara, shi ya ba ni shawarar a ɗaura masa ƙaramin lagireto na baƙin mai. Ba na ruwa ba ne irin na mota. Ɗan ƙarfe ne mai haƙora, bai fi tafin hannu biyu ba, ana ɗaure shi a ƙarƙashin tanki. Mai yana fita daga injin ta tiyo ɗaya, ya ratsa cikinsa iska ta buge shi, ya koma ta ɗaya tiyon da ɗan sanyinsa. An kawo kayan daga Sakkwato, jiya da yamma Manu ya buɗe injin, magariba ta yi bai gama ba.

Na yi tunanin mota. Ba ranar kasuwa ba ce, motar Kebbe sai ta cika take tashi, kuma daga Kebbe 'yan kabu-kabu kaɗan ne ke yarda su wuce Fakku. Na yi tunanin aro. Amma a hanyar nan masu tsaron gari sun fi gane mashin kafin su gane mutum, baƙon mashin yana iya cinye mini awa guda a shinge. Na buga wa Manu ƙofa.

Ya fito da ɗan zane a kafaɗa zai fara tsokanar da ya saba, ta cewa tsohuwata, wato mashin ɗina, ta hana shi barci. Da ya dubi fuskata sai ya bari. Na faɗa masa, ya yi mini gaisuwa, ya ɗauko mabuɗin shago.

A shagon ya shimfiɗa mini magana biyu. Zai iya mayar da tsohon murfi ya rufe injin yadda yake a da, aikin minti ashirin, sai in tafi ina tsayawa a hanya. Ko kuma ya ƙarasa ɗaura lagireton, aikin awa guda, in tafi ba tsayawa. Na ƙirga a zuciyata. Ta farko za ta kai ni ƙarfe goma daidai, in komai ya tafi lafiya. Ta biyu za ta kai ni goma saura kwata. Na tambaye shi wadda zai zaɓa in shi ne.

"Ba ni ka zuwa ba, Malam Abdu," ya ce. "Kai ka san rairayin nan."

Na ce ya ƙarasa.

Ban iya tsayawa ina kallonsa ba. Na taka zuwa gidan wani mai sayar da yadi da muke salla tare, ya buɗe mini shago, ya auna farin yadi, ya haɗa da turare da kafur. Ya naɗe a leda, ya saka a cikin buhu saboda ƙura. Da na dawo Manu ya riga ya ɗaura sabon murfi a gefen kan injin, mai bakuna biyu, yana ɗaure tiyo. Ya sa wa kowace ƙusa washa biyu na jan ƙarfe, ya zagaya da tiyon ta bayan firam don kada ya kusanci salansa, bututun hayaƙi. Ya zuba mai, ya buga kik.

A nan na so in karɓi mashin. Ya hana. Ya ce famfon tsohon injin ba shi da ƙarfin na sabo, sai ya gani da idonsa mai yana dawowa, in ba haka ba kan injin zai bushe ya ƙone. Ya ɗan sassauta ƙusar tiyon dawowa muka zuba ido. Ba abin da ya fito. Na duba agogo, bakwai da minti biyar. Na ce masa lokaci na tafiya, da muryar da ban saba yi masa magana da ita ba. Bai ɗago ba. Can sai mai ya tsattsafo, ya gangaro a kan yatsansa. Ya ɗaure, ya kashe, ya duba geji, ya ƙara mai domin lagireton ya sha nasa rabon.

"Abu guda," ya ce yana goge hannu. "Wanga abu iska shi ka ci. Kada ka bari komai ya rufe mishi gaba."

Na ji maganar. Zan faɗi gaskiya, kunnena ne ya ji ta.

Hanyar Kebbe, bakwai da minti ashirin

Na biya gida na ɗauki hula da takardun mashin. Mai ɗakina ta miƙo kunu, na kurɓa sau ɗaya na mayar. Za ta biyo mota da yara in ta samu. Ta ɗauko roba za ta ɗaure mini buhun a baya, inda nake ɗaura hatsi da kaji. Na ce a'a. Ban ga yadda zan juya wa likkafanin Baba baya har tsawon tafiyar nan ba. Na ɗora shi a gabana a kan tanki, na ɗaure da igiya ɗaya.

Daga Tambuwal zuwa Kebbe kilomita arba'in ne ko kusa da haka. Ban taɓa jin injin nan da irin muryar da ya yi ranar ba. Na kai inda na saba jin zafi yana dukan ƙaurina, ban ji ba. Na ce a raina na yi zaɓi daidai.

Ƙarfe takwas na iso shingen masu tsaron gari, itace a gicciye da tsofaffin tayoyi. Sun san ni, amma babbansu, wani dogo mai bindigar gargajiya, ya tsugunna yana duban abin da ke ƙarƙashin tanki.

"Malam asibiti, mi ne ne wanga? Firij anka sa wa tsohuwa?"

Sauran suka yi dariya. Na ce na sanyaya mai ne. Ya ce shi bai taɓa gani ba, kuma abin da bai taɓa gani ba sai ya duba. Ya bi tiyon da yatsa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya kira wani ya zo ya gani. Sannan ya nuna buhun ya ce in kwance. Na kwance, na buɗe bakin ledar. Da ya ga farin yadi da kwalbar turare sai ya miƙe tsaye, ya tambayi wa anka rasa. Na faɗa masa. Ya ce Baba ne ya wanke kakansa. Ya ɗage itacen da hannunsa, ya ce in yi haƙuri da tsaikon. Minti goma suka tafi. Na mayar da buhun cikin gaggawa, ɗaurin bai kai na farko ba.

Kebbe, takwas da minti talatin da biyar

Ban shiga gari ba. Na tsaya wurin mai sayar da fetur a galan na ƙara lita biyu. Ya ce jiya an ga wasu mashina a dajin kudu, in buɗe ido. Na kira Baffa, ba ta shiga. Daga nan hanya ta canza, rairayi ne da kwazazzabai, mashin yana tsalle, ƙafafuna biyu suna sauka suna hawa. Idona yana kan hanya da dajin gefe. Ban dubi ƙasa ba ko sau ɗaya.

Tsakanin Kebbe da Fakku, tara da minti biyar

Wari na fara ji, irin na roba in ta ƙone. Kafin in gane daga ina yake, wani abu mai zafi ya watsu a ƙafata ta dama. Na kashe injin nan take. Wannan kaɗai na yi daidai.

Buhun ya zame daga kan tanki saboda girgiza, ya sauko ya rufe gaban lagireton ruf. Nauyinsa kuma ya danna tiyo ɗaya har ya kwanta a kan salansa. Salansa ta cinye shi, mai yana zuba a rairayi. Na fizge buhun, gefensa ya narke. Na yage shi na duba ledar. Mai bai shiga ba, yadin fari tas. Na duba geji, ko alamar mai babu.

Ina tsaye a nan na ji ƙarar mashina daga bayana, ba ɗaya ba. Na tuna maganar mai fetur. Na tura mashin cikin sabara, na kwantar da shi, na kwanta kusa da shi da ledar a ƙirjina. Mashina uku ne, kowane da mutum biyu, sun naɗe fuska da rawani. Suka rage gudu daidai inda man ya zuba. Na ji ɗaya ya yi magana ban ji me ya ce ba. Suka wuce. Ban tashi ba sai da ƙarar ta ɓace gaba ɗaya. Tara da minti ashirin.

Can ƙasa na jiwo bugun injin ban-ruwa. Na bi sautin da ƙafa, na gangara fadama, na tarar da wani dattijo yana ba albasa ruwa. Sunansa Malam Garba. Na yi sallama, na faɗa masa halin da nake ciki a taƙaice. Ya kashe injinsa ba tare da ya tambayi komai ba, ya ɗauko galan ɗin man da yake ajiye wa injin, da wuƙa da sukundireba, ya biyo ni. A hanya na tambaye shi mutanen da suka wuce.

"Masu sayen albasa na," ya ce. "Fakku za su. Da ka tsai da su, da sun ɗauke ka."

Muka ƙarasa wurin mashin.

Ya nuna mini wani suri ya ce in hau, nan ake samun sabis. Na kira Manu. Bai tambaye ni yadda aka yi tiyon ya kai salansa ba. Ya ce in cire ƙonannen in jefar, in kwance mai lafiyar daga jikin lagireton, in lanƙwasa shi in haɗa bakunan murfin biyu da shi, mai ya fita ta nan ya koma ta nan. Lagireton ya zauna haka nan ba aiki. Ya ce in tuna injin ya koma yadda yake a da, zai yi zafi, kuma kada in yarda kowa ya watsa masa ruwa. Na gwada Baffa daga kan surin har sau uku. Ba ya kan tudu.

Aikin ba shi da yawa, amma ƙarfen yana ƙuna, kuma hannuna ba na bakanike ba ne. Kilif ɗaya na ɗaure tiyo ya faɗa rairayi, muka durƙusa mu biyu muna tacewa da yatsu har Malam Garba ya gano shi. Shi ya riƙe tiyon da gefen rigarsa ni na ɗaure. Muka zuba mai. Na buga kik sau shida bai tashi ba. Dattijon ya ce in yi bisimilla in daina faɗa da shi. A na takwas ya tashi. Na sa hannu a aljihu, ya kama hannun ya fitar da shi, ya ce in tafi ana jira na. Ya kwance rawaninsa ya ɗaura mini ledar a bayana, yadda ake goya yaro. Goma da kwata.

Fakku, sha ɗaya saura minti biyar

Na san lokacin wanka ya wuce, amma ina ta gaya wa kaina Baffa zai riƙe su. Goma da minti arba'in injin ya fara kuka, ƙarfinsa ya mutu a tsakiyar rairayi. Na tsaya ƙarƙashin wata tsamiya. Ban ba shi minti ashirin ɗin da ya saba ba, goma na ba shi. A Fakku wasu da suka san ni suka ɗaga mini hannu daga rumfar mai shayi, ɗaya ya taso yana cewa Allah ya jiƙan Malam. Na amsa ban tsaya ba.

Tungarmu, sha ɗaya da minti ashirin

Maza suna zaune a ƙofar gida a kan tabarmi, makara tana jingine da bango. Baffa ya taso ya tarye ni, ya dubi ƙafata da man da ya bushe a wandona. Ya kwance mini rawanin, ya karɓi ledar. Na tambaye shi da ido.

"An yi," ya ce. "Taho ka ji."

Ya ja ni gefen rumbu ya ba ni labari. Ƙarfe goma Liman ya aika a fara, Inna ta fito ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ta ce ɗanta yana hanya. Aka ba ta rabin awa. Da goma da rabi ta yi Liman ya zo da kansa, ya tsaya daga bayan zana ya ce Hajiya, haƙƙinsa ne a gaggauta, kuma ba wanda ya san ko Abdu yana tafe ko hanya ta riƙe shi. Sannan ta tambaye shi ko gaskiya ne shari'a ta yarda mace ta wanke mijinta. Liman ya ce ta yarda, ko da yake bai taɓa ganin an yi a garin nan ba. Ta ce a kawo mata ruwa a rufe ƙofa.

Inna tsohuwa ce, a zaune take salla saboda gwiwa. Baffa ya ce ta daɗe a ciki ita kaɗai, suna jin motsin buta. Da ta buɗe ƙofar, ta riga ta wanke abin da za ta wanke, ta naɗe shi tun daga ƙirji har gwiwa da zanen saƙi mai kauri, ta ɗaure. Ta ce su shiga su ƙarasa, su zuba ruwa ta saman zanen, kada wanda ya kwance. Baffa da Liman suka ƙarasa haka. Baffa bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban ba shi ba.

Na shiga ɗakin na roƙi a bar ni ni kaɗai. Na yanka likkafanin yadda ya koya mini, na sa turare da kafur, na canza zanen Inna da fari ba tare da na kira kowa ba, na yi ɗaurin ƙarshe. Sha biyu saura muka sallace shi. Ni na shiga kabari na karɓe shi.

Da muka dawo na shiga wurin Inna. Tana zaune a ƙasa, hannun rigarta bai bushe ba. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta dubi ƙafata ta ce a kawo man kaɗe a shafa mini a ƙunar, kuma a dama mini fura tun da ban karya ba.

Komawa Tambuwal

Na yi kwana bakwai. Ranar komawa na tashi bayan asuba, na tsaya sau biyu injin ya huce, na biya fadama na mayar wa Malam Garba rawaninsa, na shiga Tambuwal goma da rabi lafiya. Ina godiya ga Allah, ina godiya ga Manu da ya yi aikinsa daidai, da Malam Garba da ya bar albasarsa ba ruwa, da mai yadin da ya buɗe shago, da duk wanda ya taka ko ya kira don ta'aziyya. Wanda ya karanta wannan ya sa Baba a addu'a.

A kwana bakwai ɗin nan kowa ya tambaye ni abin da ya same ni a hanya, na ce mashin ne ya lalace. Inna kaɗai ba ta tambaya ba. Ban faɗa mata cewa an ba ni zaɓi biyu a shagon Manu ba, ban kuma faɗa mata inda na ɗaura buhun ba. Na je gida sau biyu tun lokacin, har yanzu ban faɗa mata ba.